Kulɓa mai shuɗin harshe: Abin da bidiyo ba ya nuna maka game da makonnin farko

Wataƙila kai ma ka ci karo da ita a TikTok ko Instagram: wata ƙatuwar kulɓa mai gajerun ƙafafu, ta kwanta lamo a kafaɗar mai ita, can sai ta zaro harshe shuɗi kamar ta lashi shuni. Bidiyon bai wuce daƙiƙa talatin ba, amma natsuwar nan da ka gani ta ci makonni kafin a same ta. Ranar da aka kawo ƙaramar kulɓa sabon gida, yawanci huci take yi, ta kumbura jiki, ta shige maɓoya ta ƙi cin komai. A wannan gaɓar sababbin masu kiwo suke tafka kuskure, wani lokaci kuskuren da ke kai dabbar ga halaka.

Dangin kulɓar nan ce da kake gani tana sulalewa a gindin katanga, sai dai ita asalinta Ostareliya ce da tsibirin Niyu Gini da wasu tsibiran Indonesiya. Masana suna kiran jinsinta Tiliqua. Babbar cikinsu takan kai tsawon santimita 60, kuma idan ta samu kulawa tana iya rayuwa shekara 15 zuwa 20. Ka lissafa: wanda ya saye ta yana aji ɗaya a jami'a zai iya yin aure ya haihu tana nan da ranta. Ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, kuma 'ya'yan suna fara neman abinci da kansu cikin 'yan kwanaki. Ba ta da dafi, amma muƙamuƙinta na fasa ƙwanson katantanwa, don haka cizonta akwai zafi.

Ka fara da tambayar inda ta fito

Dokar kare muhalli ta Ostareliya ta 1999 ta hana fitar da irin waɗannan dabbobi da rai domin kasuwanci. Saboda haka wadda ake sayarwa a wajen ƙasar, ko dai a hannun masu kiwo aka haife ta, ko kuma 'yar Indonesiya ce, waɗanda da yawansu daga daji ake kamo su. Bambancin babba ne. Wadda aka kamo daga daji ta fi tsoron mutum, kuma sau da yawa tana zuwa da tsutsar ciki ko wasu ƙananan ƙwari masu shan jini da ke maƙalewa tsakanin ɓawon jikinta. Irin wannan sai likitan dabbobi ya duba kashinta tun kafin a yi maganar sabo. Yanayin da suke so ma ya bambanta: 'yan Indonesiya suna buƙatar danshi mai yawa, yawancin 'yan Ostareliya kuwa matsakaici ya ishe su. Idan iska ta bushe mata da yawa, saɓar da take yi kan maƙale a yatsunta har ta datse su.

Makon farko: ka ƙyale ta

Nan ne abin yake da wuya ga ɗan zamani. Ka kashe kuɗi, abokai suna jiran hoto, ga waya a hannu. To, ka haƙura. Mako ɗaya zuwa biyu na farko aikinka shi ne canza ruwa, ajiye abinci da kwashe kashi. Kada ka tono ta daga maɓoyarta, domin wurin nan kaɗai take jin ta tsira.

Ka duba abin daga ɓangarenta. A dajin Ostareliya tsuntsaye masu farauta suna cikin manyan abokan gabanta, kuma daga sama suke kawo sura. Hannunka da ke saukowa ta saman keji, a wurinta shaho ne. Shi ya sa take wage baki ta zaro harshe. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano cewa can cikin harshen ya fi bakinsa haske kusan ninki biyu, kuma tana bayyana shi gaba ɗaya ne a matakin ƙarshe na hari, lokacin da ta ga babu mafita. Wato hoton nan da ya fi tara masu danna alamar so, hoton dabba ce a tsorace. Harshen da take ɗan fitarwa tana mayarwa a hankali kuwa shinshina ce kawai, da shi take gane ƙamshin abin da ke kusa da ita.

Me ya sa ta ƙi ci?

Kafin ka zargi abincin, ka duba ma'aunin zafi. Jikin kulɓa ba ya samar da ɗumin kansa, kuma idan babu isasshen zafi cikinta ba ya narkar da abinci. Keji yana buƙatar ɓangare biyu: wurin shan ɗumi a ƙarƙashin fitila mai kimanin digiri 35 zuwa 40, da ɓangaren sanyi mai kusan digiri 24 zuwa 27, ta riƙa zaɓa da kanta. Kada ka ajiye kejin gilashi a cikin rana tsaka, zafin da zai taru ciki zai iya kashe ta. Idan ta girma, masu kiwo suna ba da shawarar keji mai tsawon santimita 120 da faɗin 60 aƙalla, kuma ita kaɗai, domin idan aka haɗa biyu faɗa suke yi.

Idan zafi ya daidaita, ƙin cin abinci na 'yan kwanaki bayan sauya gida ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan ya wuce mako biyu, ko ka ga tana ramewa, ko numfashinta yana ƙara, ko kumfa a baki, sai likita.

Abin da za ka zuba mata

Tana cin nama, tana cin ganye. Ƙarama mai girma ta fi buƙatar nama, don haka shi ne kaso mafi yawa: gyare, kyankyasan kiwo, tana, katantanwa, dafaffen ƙwai, dafaffiyar kaza ba gishiri ba yaji. Masu kiwo da dama suna amfani da abincin karnuka na gwangwani mai kyau. Sauran kason kayan lambu ne kamar kabewa, karas, koren wake da ganyaye, a yayyanka ƙanana a cakuɗa da naman yadda ba za ta iya tsince shi ta bar ganyen ba, don wallahi ta iya wannan wayon. Gwanda da mangwaro ɗan kaɗan, lokaci zuwa lokaci. Albasa, tafarnuwa, fiya da dangin lemo kuwa kada su shiga kwanonta. Haka ƙwari da katantanwar da aka tsinto a waje, suna iya ɗauke da maganin feshi ko tsutsa.

Jaririya takan ci kullum ko bayan kwana ɗaya. Tana girma ana rage mata, har ta koma sau ɗaya ko biyu a mako, domin kiba tana damun su. Kada ka manta da garin kalsiyam da ake barbaɗawa a abinci, da fitilar UVB da ke taimaka wa jikinta ya amfana da shi. Rashinsu yana sa ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, baya ya karkace, kuma abin da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai.

Sai sabo

Ka bari sai ta fara ci sosai. Ka riƙa zama kusa da keji tana ganinka. Bayan nan ka ajiye hannunka a ƙasan kejin ba motsi, ta zo ta shinshina da kanta. Idan za ka ɗauke ta, ka zuro hannu ta gefe ka tallafo ƙirji da ciki da ƙafafu huɗun duka, ka zauna a ƙasa saboda ba gwanar riƙo ba ce, faɗuwa daga sama tana ji mata ciwo. Kada ka taɓa kama wutsiya, tana iya yar da ita. Minti biyar ya isa a farko, ka riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ka bar ta ta huta bayan ta ci abinci da kuma lokacin saɓa. Kowane lokaci ka gama, ka wanke hannu da sabulu, domin dabbobi masu rarrafe kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela. Sumbatarta don bidiyo ya yi armashi ganganci ne.

Wata cikin makonni kaɗan take sakin jiki, wata sai an yi watanni, wata kuma iyakarta ta daina huci idan ta gan ka. Alamar da za ka nema ita ce ranar da ka buɗe keji ta ci gaba da cin abincinta ba ta gudu ba. Idan ka san ba ka da wutar da za ta riƙe fitilu kullum, ko likitan da ya san dabbobi masu rarrafe a kusa da kai, ko shirin ɗaukar nauyinta na shekara goma sha biyar, gara ka ci gaba da kallonta a waya.