3.2 Carl Philipp Emanuel Bach: Makaɗin Fadar Furushiya

A wannan sashe za a yi bayani a kan rayuwar wannan makaɗi da dangantakarsa da ubangidansa.

An haifi Carl Philipp Emanuel Bach a garin Weimar na ƙasar Jamus ranar 8 ga Maris, 1714. Kiɗa gado ne a gidansu, domin mahaifinsa shi ne shahararren makaɗin nan Johann Sebastian Bach, kuma a wajensa ya koyi sana'ar. Duk da haka sai da ya yi karatun shari'a a jami'o'in Leipzig da Frankfurt an der Oder.

A shekarar 1738 ya shiga hidimar Yarima Firedirik, wanda ya hau gadon sarautar Furushiya a 1740. Sarkin gwanin busa sarewa ne, saboda haka aikin Bach shi ne raka busar sarki da hafsikod, wani abin kiɗa mai kama da piyano. Ya shafe kusan shekara 30 yana wannan aiki a Balin da Potsdam. Sai dai bai sami ɗaukakar da ta dace da shi ba. Ya fara da albashin tala 300 a shekara, alhali Quantz, malamin sarewar sarki, yana karɓar 2,000. Dalili kuwa shi ne, sarki ya fi son kiɗa mai tafiya a kan tsari ɗaya, shi kuwa Bach salonsa na taɓa zuciya ne: yakan sauya amo ba zato, ya tsaya cik, sannan ya koma daga murna zuwa alhini a cikin kiɗa guda.

Wannan bai hana shi ƙirƙira ba. A 1742 ya buga sonata shida, wato kiɗan mutum ɗaya a kan hafsikod, ya sadaukar da su ga sarki. Haka kuma a 1753 ya fitar da littafinsa a kan dabarun kaɗa irin waɗannan kayan kiɗa, inda ya ƙarfafa amfani da babban yatsa. Kashi na biyu ya fito a 1762. Beethoven ya koyar da ɗalibinsa Czerny da wannan littafi.

Bayan rasuwar Telemann a 1767, Bach ya nemi izinin barin fada, da ƙyar sarki ya sake shi. A 1768 ya zama shugaban kiɗa na manyan coci-coci biyar na Hamburg, ya riƙa buga ayyukansa yana sayar wa jama'a har rasuwarsa ranar 14 ga Disamba, 1788.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa fada tana ba makaɗi abinci da inuwa, amma son ran ubangida yakan iyakance fasaharsa.