Dashen Maƙogwaro: Murya Kan Dawo, Amma da Sharaɗi

Shirinmu na musamman yau zai leƙa ɗakin tiyata ne, inda ake dasa wa mutum maƙogwaron wani.

Ku ɗan dafa wuyanku, ku haɗiyi yawu. Wannan ƙullutun da ya hau ya sauka shi ne maƙogwaro, shi ke ba da murya, ta cikinsa numfashi ke bi, shi ne kuma ke toshe hanyar huhu kada abinci ya shaƙe mutum. In ciwon daji ko haɗari ya lalata shi, sai a huda gaban wuya, mutum ya koma numfashi ta wannan kafa. Ko ƙanshin miya yakan gagare shi, tunda iska ta daina bi ta hanci.

A Janairun 1998, a asibitin Cleveland Clinic da ke Amurka, Dakta Marshall Strome ya dasa cikakken maƙogwaro ga wani ɗan shekara 40 da haɗarin babur ya raba da muryarsa shekara 20. Kwana uku da aikin, ya yi magana. Kada ku ce muryar mamacin da aka ciro maƙogwaronsa ce ta fito. Baki da hanci da harshen mai magana su ke ba murya kamanninta.

To me ya hana aikin yawaita? Mutum yakan rayu ba maƙogwaro, saɓanin zuciya ko hanta. Wanda aka yi wa dashe kuwa, muddin ransa zai sha maganin danne garkuwar jiki, kuma ga mai ciwon daji wannan tamkar buɗe wa kura ƙofar garke ne. Shi ya sa da likitocin Mayo Clinic a Arizona suka yi wa wani mai ciwon daji dashen a Fabrairun 2024, aikin da ya ci awa 21, suka zaɓi wanda dama yake shan maganin saboda dashen ƙoda.

Sai kuma jijiyoyi. Waɗanda ke buɗe tantanin murya don a shaƙi iska ba sa saurin farfaɗowa, don haka murya takan riga numfashi dawowa. Mutumin Cleveland ɗin ma, yana magana amma kafar wuyansa na nan. Ya mori maƙogwaron shekara 14, kafin jikinsa ya ƙi shi, aka cire a 2012.