Sabar da ke Tashi da Kanta: Systemd da Matsalar Ɗaukewar Wuta a Kudancin Kaduna

A Barnawa, Kakuri da Sabon Tasha, ƙaramin kamfani ko makarantar kuɗi kan ɗora manhajarsa ta intanet a kan kwamfuta guda cikin ofis. Idan da hannu aka tayar da Gunicorn, to da zarar ta faɗi shafin ya mutu ke nan, har sai ma'aikaci ya dawo.

Systemd, wanda Lennart Poettering da Kay Sievers suka fitar a 2010, Ubuntu kuma ta koma kansa a 2015, yana ɗauke wannan nauyi. Ana rubuta fayil a /etc/systemd/system, a sa masa Restart=on-failure. Sai dai akwai tarko: bisa tsarinsa na asali, idan aka tayar da manhajar fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10, yakan daina ƙoƙari. Tsawaita RestartSec zuwa daƙiƙa 5 kan kauce wa hakan, musamman inda ma'adanar bayanai ce ta makara wajen tashi.

Amma a nan, ɗaukewar wuta ta fi faɗuwar manhaja zama barazana. Umarnin systemctl enable yana tayar da manhajar bayan kwamfuta ta kunnu, ba ya kunna kwamfutar kanta. Wannan aikin BIOS ne: dole a saita shi ya kunna na'urar da zarar wuta ta dawo ko an tayar da janareta.