Wasan bidiyo da larurar otizim: abin da ake yaɗawa da abin da ya tabbata

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon wasan bidiyo a Nima ko a zongon Kumasi ya san yadda musu ke kaurewa a can. Yaranmu ba wasan kaɗai suke yi ba, har ƙirƙiro bayani suke yi kan mutanen da ke cikin wasan: wane ɗan wane ne, me ya sa wance ba ta dariya. Cikin irin wannan hasashe akwai wanda ya shafi otizim, larurar da wasu kafofin Hausa ke kira galahanga. Mun ga ya kamata mu tsefe maganar, domin ta wuce shagon wasa, ta shigo gidajenmu.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Yana shafar magana da cuɗanya da mutane, kuma alamunsa kan bayyana tun yaro bai kai shekara 3 ba. Wani ba ya son haɗa ido, wani hayaniya na tayar masa da hankali, wani kuma ya ƙwallafa rai kan abu guda ya san shi ciki da bai. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi.

Wani lokaci hasashen 'yan wasa kan zama gaskiya. A wasan Overwatch, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2016, akwai Symmetra, mai zanen gine-gine 'yar Indiya, mai son komai ya zauna a kan tsari. Masu wasa sun daɗe suna cewa tana da otizim. A 2017 jagoran wasan, Jeff Kaplan, ya amsa wasiƙar wani mai sha'awar wasan, ya tabbatar da cewa haka ne. A wasan To the Moon na 2011 ma, labarin da kansa ya nuna likita na yi wa wata mata mai suna River bayanin larurarta. Ga matashin da ya girma ana ce masa bahago ko miskili, ganin jarumi mai irin halinsa ba ƙaramin abu ba ne. Ba mu ga laifin wannan hasashe ba, tunda mutanen labari ne, ba su da mutuncin da za a taɓa.

Matsalar takan fara ne idan aka juya kan mutum mai rai. Misalin da ya fi shahara shi ne Satoshi Tajiri, ɗan Japan da ya ƙirƙiro Pokémon, wasan da ya fito a 1996. Tajiri ya taso da son kama ƙwari yana tarawa, daga nan ma tunanin wasan ya samo asali. Sai mutane suka haɗa wannan da ƙarancin fitowarsa a bainar jama'a, suka yanke masa hukuncin cewa yana da otizim. Maganar ta yi shekaru tana yawo, har ta shiga littattafai, amma shi bai taɓa fitowa ya faɗi haka ba, kuma kamfaninsa, Game Freak, ya musanta. Son ƙwari da rashin surutu ba su isa hujja ba. Da sun isa, da rabin malaman zaurenmu masu shiru-shiru sun shiga lissafi.

Sai tambayar da iyaye suka fi yi mana: shin wasan ne ke jawo larurar? A'a. Gado na da babban hannu a ciki, kuma alamun kan riga lokacin da yaro zai iya riƙe abin sarrafa wasa. Abin da ke faruwa shi ne yara masu otizim da yawa na samun natsuwa a wasan, saboda dokokinsa ba sa canzawa, kuma ba sai ka karanci fuskar kowa ba. Shi ya sa a 2013 wani uba ɗan Kanada, Stuart Duncan, ya buɗe Autcraft, wani dandali cikin wasan Minecraft, don irin waɗannan yara su yi wasa ba tare da tsangwama ba. Kamuwa da jarabar wasa har mutum ya bar barci da karatu wata matsala ce daban, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtuka a 2019.

Ga matasanmu, mun ji wasu na jifan abokan wasa da kalmar otizim a matsayin zagi idan sun sha kashi. A bari, don Allah; wataƙila ƙanin wanda ke zaune kusa da kai yana da larurar. Ga iyayenmu da kakanninmu kuwa, in yaro ya kai shekara 2 ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ko maganar da ya fara ta ɓace, kada a tsaya kan cewa aljanu ne ko waya ce ta lalata shi. A ci gaba da addu'a, a kuma kai shi sashen yara na asibiti, kamar Korle Bu a Accra ko Komfo Anokye a Kumasi, a fara da gwajin ji, sannan likita ya duba sauran.