Wanda Ya Ceci Bankuna, Banki Ya Hana Shi Bashi

Mai karatu, ka taɓa jin wanda ya yashe rijiya aka hana shi guga? To gyara zama ka sha labarin Ben Bernanke.

A Dillon ya tashi, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Karolina ta Kudu a Amurka, inda mahaifinsa ke da kantin magani. Har aikin kai wa baƙi abinci ya yi don ya samu na kashewa. Amma Allah ya ba shi kai. Ya gama jami'ar Harvard a 1975, ya yi digirin digirgir a MIT a 1979. Daga nan tambaya ɗaya ta hana shi sakat: me ya durƙusar da arzikin Amurka a shekarun 1930?

Amsar da ya samo ita ce, mutuwar bankuna ce ta mayar da zazzaɓi ajali. In banki ya rufe, rance ya ƙafe, manomi da mai masana'anta su bi shi kabari. Shekara da shekaru yana koyar da ɗalibai a Princeton. Ina ya san ranar jarrabawarsa na tafe?

A 2006 ya zama shugaban Babban Bankin Amurka. A Satumbar 2008 bankin Lehman Brothers ya ruguje, sauran suka fara tangaɗi. Da kai ne, mai karatu, me za ka yi? Ka bar masu haɗama su girbi abin da suka shuka, su ja kowa rami? Ko ka cece su jama'a su tsine maka?

Ya zaɓi tsinuwar. Ya sauke kuɗin ruwa har kusan sifili, ya yi ta ɗura wa bankuna kuɗi. Ya sha zagi, amma rufin bai faɗo ba.

Sai ga abin mamaki. Bayan ya sauka a 2014, ya nemi a sabunta masa bashin gidansa. Aka ƙi! Shi da bakinsa ya faɗa a wani taro a Chicago, har sai da ya tabbatar wa jama'a ba wasa yake yi ba. Bankunan da ya tsamo daga wuta sun tsorata har ba su gane mai cetonsu ba.

Da kai ne, ba za ka yi da-na-sani ba? Shi dai a 2022 aka ba shi kyautar Nobel, kan wancan bincike nasa na mutuwar bankuna.