Fasahar NFC Da Ke Wayarka Ta Shiga Gidan Yari: Wa Ke Sa Ido Kan Masu Gadi?

Yau za mu leƙa wani wuri da ba a barin kowa ya shiga da waya, amma fasahar da ke cikin wayar taka tana can tana aiki, wato gidan yari.

Wanda aka kulle ba shi da ikon buɗe ƙofa, ba shi da hanyar kiran likita. Idan asma ta taso masa da tsakar dare, ko abokin zamansa ya far masa, ko damuwa ta kai shi ga tunanin halaka kansa, rayuwarsa tana hannun gandiroban da zai zo ya leƙa. Shi ya sa ake zagayen dubawa lokaci-lokaci, a rubuta a rajista. Matsalar ita ce, wanda ake so a tabbatar ya yi aikin, shi ne kuma ke riƙe da biro.

Abin da ya faru a Amurka

Ranar 10 ga Agustan 2019 aka wayi gari da mutuwar attajirin nan Jeffrey Epstein a ɗakin da ake tsare da shi a birnin New York. Ƙa'idar sashen ita ce a leƙa kowane ɗaki duk bayan minti 30. Takardun aiki sun nuna an yi hakan, alhali an shafe kusan awa takwas ba wanda ya duba shi. Daga baya an gurfanar da jami'ai biyu bisa rubuta bayanan ƙarya. Rahoton babban sufeton Ma'aikatar Shari'ar ƙasar na 2023 ya kuma nuna cewa ɗaya daga cikin na'urorin naɗar bidiyo ta lalace tun kafin ranar, don haka kyamarori da dama suna kallo amma ba sa ajiye komai. Kyamarar da ke naɗa ita ce ta tona asiri, domin ta nuna ba a yi zagayen ba. Rikodi biyu ne suka ci karo, gaskiya ta fito.

Kafin wannan, a Yulin 2015, wata mata mai suna Sandra Bland ta rasu a gidan tsaro na gundumar Waller a jihar Texas, kwana uku bayan kama ta a kan hanya. Bincike ya gano ba a duba ta yadda ƙa'ida ta tanada ba. A 2017 jihar ta yi doka da sunanta, wadda ta wajabta amfani da na'urorin lantarki ko kyamarori don tabbatar da an duba waɗanda ke cikin haɗari a kan lokaci, ta kuma ce wata hukuma daga waje ce za ta binciki duk mutuwar da aka yi a tsare.

Yadda na'urorin ke aiki

Ka san yadda ake ɗora katin banki a jikin POS a cire kuɗi ba tare da an soka shi ba? Fasahar NFC ke nan, kuma ba ta aiki sai an matso kusa sosai, 'yan santimita kaɗan. A gidan yari ana manna ƙaramin maɓalli mai lambarsa ta musamman a ƙofar kowane ɗaki. Ba ya buƙatar batir, daga na'urar da ta taɓa shi yake samun wuta. Jami'i yana zagayawa da na'ura mai kama da wayar Android, ya taɓa maɓallin, manhaja ta rubuta sunansa da lambar ɗakin da daidai lokacin. Idan lokacin zagaye ya wuce ba a taɓa ba, sai ta yi ƙara. Ba yadda za a yi mutum ya zauna a ofis ya cike zagayen dare guda da asuba.

Mataki na gaba shi ne rada. Wanda ya san wayar Pixel 4 ta 2019 zai tuna da ƙaramar radar Soli, wadda daga baya Google ya saka a Nest Hub don bibiyar numfashin mai barci. Irin wannan na'ura ake liƙawa a rufin ɗaki, tana auna motsin ƙirji, ta sanar idan numfashi ya canza ko ya tsaya, ba tare da ɗaukar hoton mutum ba.

Rajistar da ba ta gogewa

A ganina na mai rubuta manhaja, babban aikin yana wurin adana bayanan. Idan shugaban gidan zai iya shiga rumbun bayanai ya gyara lokaci, to an sayi biro mai tsada ne kawai. Maganin sananne ne: kowane sabon layi ya ɗauki hatimin lissafi na layin da ya gabace shi, kamar yadda Git ke yi. Ka taɓa layi ɗaya, duk na bayansa su ƙi daidaita. Sannan a riƙa tura kwafi zuwa sabar da ke hannun wata hukuma daban.

Dokokin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disamban 2015, sun taɓo wannan. Doka ta 6 ta yarda a yi rajistar fursunoni a kwamfuta ko a littafi mai shafuka masu lamba da sa hannu, da sharaɗin a iya bin sawun duk abin da aka shigar, a kuma hana gyara ba izini.

Inda fasahar ta gaza

Maɓalli yana shaida cewa jami'i ya iso ƙofa, amma bai san ko ya ɗaga ido ya leƙa ba. Rada tana rikicewa idan mutane sun yi yawa a ɗaki, kuma na'urar da ke yawan ƙarar banza, ƙarshenta a daina saurarenta. Ga kuma batun sirri: a 2015 an fallasa bayanan kiran waya kusan miliyan 70 na fursunoni daga kamfanin Securus a Amurka, ciki har da hirarraki da lauyoyi. Bayanan bugun zuciya da lafiyar ƙwaƙwalwa sun fi wannan buƙatar kariya.

Mu fa a nan gida?

A Najeriya yawancin waɗanda ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi, kotu ba ta same su da laifi ba. Doka kuwa ta riga ta tanadi masu dubawa daga waje. Sashe na 34 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ce babban majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata. Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 kuma ta ce idan gida ya cika fiye da ƙima, a sanar da babban jojin jiha cikin mako guda.

Duka biyun suna buƙatar lissafi na gaskiya: wa ke ciki, tun yaushe, yaushe aka duba shi. Wannan ba ya buƙatar rada. Waya mai NFC, maɓallai masu araha, caji daga sola, da manhajar da ke aiki ko babu intanet ta tura bayanai idan sabis ya dawo, sun isa a fara. Matasan da ke koyon rubuta manhaja, ga aikin gwaji da ya fi kalkuleta amfani. Sai dai kafin ka rubuta layin farko, ka amsa tambaya ɗaya: wa zai karanta wannan rikodin wanda ba ya ƙarƙashin mai riƙe da makulli?

Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare ba da haƙƙinsu ba. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.