Masu riƙe wa manya wuri

Duk wanda ya san kasuwar Malanville ya san tun kafin gari ya waye take fara ci. Da assalatu, motocin Kandi da Parakou ba su gama sauke kaya ba, fataken Gaya da Kamba ba su iso ba, za ka tarar da yara sun shimfiɗa buhu a layin 'yan albasa da na 'yan kayan miya, sun danne kowace kusurwa da dutse, sun zauna. Ba su da hajar sayarwa. Maigida ne ya aiko su su riƙe masa wuri. Da aka rufe gadar da ta haɗa garin da Gaya a 2023, masu kaya suka koma jiran kwale-kwale a bakin kogi, zaman nan ya ƙara tsawo, don mai wuri kan kai hantsi bai haye ba. To, bari yaron ya gaji ya tashi. Babu mai ƙwace wurin da faɗa. Mai tattasai na dama zai ɗan matso da kwandonsa, mai kuɓewa ta hagu ta ɗan turo tirenta, kowa taku guda, kafin a ankara wurin mutum ɗaya ya koma na rabin mutum. In mai shi ya iso, ko dai ya kasa kayansa a karkace, ko ya fito bakin hanya inda masu amalanke za su yini suna bangazarsa.

Aikin da haƙoran nono ke yi a bakin yaro ke nan. Guda 20 ne. Na farko kan huda dasashi wajen wata 6, kafin yaro ya cika shekara 3 sun kammala. Ƙarƙashin kowannensu, can cikin ƙashin muƙamuƙi, haƙorin girma yana ginuwa, yana kan hanya. Na gaba ba sa daɗewa suna jira, shekara 6 zuwa 7 yaro ya fara famfara. Amma turamen ciki da ake tauna da su, sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12 masu wurinsu ke isowa. Idan turmi ya ruɓe har aka cire shi yaro yana ɗan shekara 4, wurin zai yi shekara 6 ko fiye babu mai tsaro. Na baya sai ya kwanto gaba, na gaba ya jingino baya. Ranar da haƙorin girma ya taso, ya tarar an matse shi, sai ya ɓullo ta gefe ko ya hau kan ɗan'uwansa. Mukan ce gado ne, kuma wani lokaci gadon ne, amma sau da yawa ɗan aike ne ya tashi tun maigida bai zo ba.

Shi ya sa maganar nan da muka saba ji take damuna. Ka ce wa uwa, "Inna, haƙorin yaron nan ya yi baƙi," sai ta ce, "Ai na nono ne, zai faɗi." Uba ma haka zai ce. Gaskiya ne zai faɗi, amma kafin ya faɗin fa? Duba yaron da kyau lokacin cin tuwo. Da gefe ɗaya yake tauna, ya karkata kai. In aka miƙa masa ruwan leda mai sanyi sai ya kurɓa ya runtse ido. Nama ya tsotsa ya tofar. Da dare ya hana gida barci, da safe ya tafi makaranta da kunci a kumbure. Idan ruɓar ta kai saiwa, ƙurji ya fito a dasashi, mugunyar nan a kan haƙorin girma take zaune, wanda bai ko leƙo duniya ba, kuma yana iya fitowa da tabo ko rami tun ranar farko. Wannan ba matsalar garinmu kaɗai ba ce: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran nono. Sai dai yaron Kwatano yana da likitan haƙori kusa da shi, namu kuwa yana nesa da Kwatano da fiye da kilomita 700, Parakou ma tafiyar kilomita 300 ce ko kusa da haka.

Akwai kuma wani mai wuri da ke zuwa da ƙafarsa, bai aiko kowa ba. Wajen shekara 6, a ƙarshen layi, bayan turamen nono, wani babban turmi kan fito, sama da ƙasa, dama da hagu. Babu haƙorin da ya faɗi a wurinsa kafin ya zo, don haka iyaye suke ɗaukarsa na nono. Na girma ne, kuma ba shi da magaji. Shi ne ya fi kowane haƙori ɗaukar nauyin tauna, shi ne kuma ya fi saurin ruɓewa, saboda samansa duk kwari ne da abinci ke maƙalewa, ga shi can inda hannun yaro ba ya kaiwa. Gane shi ba wuya. Ka fara ƙirga daga tsakiyar baki zuwa ciki: biyar na farko wuraren haƙoran nono ne, na shida shi ne wannan. Da iyaye sun san wannan ƙirga kawai, da matasa da yawa ba su shiga shekara 20 da giɓi a turmi ba.

Mene ne ke cin haƙorin? Mutanenmu suna cewa tsutsa, har akwai masu yawo suna cewa za su fitar da ita da hayaƙi. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke zaune a dattin da ke like jikin haƙori. Da zarar sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da farin bayan haƙori. Miyau yana wanke wannan tsami ya mayar da abin da ya zube, amma yana buƙatar lokaci. Don haka yawan saƙo-saƙon zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Yaron da ya cinye alawa uku bayan abincin rana ya fi wanda ya yini yana tsotsar guda ɗaya da safe, ɗaya da azahar, biskit da la'asar, lemon kwalba da magariba. Ban ga laifin uwar da ke tsaye kan tirenta, masu saye sun yi mata caa, ɗa yana jan zaninta yana kuka, ta zaro dala biyar ta ce je ka sayi alawa. Kowa ya san wannan gajiya. Amma kuɗin nan in aka haɗa suna iya sayen gyaɗa ko aya ga yaron da ya iya tauna, ko yankin wagashi da Fulanin Alibori ke kawowa, wanda ba ya cutar da haƙori ko kaɗan. Jariri kuma da ake kwantarwa da fida cike da shayi ko koko mai sukari, haƙoransa huɗu na gaba na sama su ne ke fara yin fari-fari a gindi, su koma ruwan ƙasa, su kakkarye.

Mai riƙon wuri na kirki yana share gaban wurinsa safe da yamma. A baki, sharar dare ta fi muhimmanci, domin miyau yana raguwa in an yi barci, abin da ya kwana a haƙori kuwa sai ya yi aikinsa har asuba. Asuwaki abu ne mai kyau, sunna ce, kuma yana fitar da datti in an iya riƙe shi. Abin da man goge baki ya fi shi da shi shi ne sinadarin fuloraid mai ƙarfafa haƙori, wanda tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man da ke ɗauke da shi cikin jerin muhimman magunguna. In za ka saya, juya kwalin ka nemi lamba daga 1000 zuwa 1500 kusa da sunan sinadarin. Ga ɗan ƙasa da shekara 3, man daidai ƙwayar shinkafa ya isa. Daga 3 zuwa 6, daidai ƙwayar wake. Ya tofar da kumfar, kada ya kurkure da ruwa nan take. Kuma babba ne zai riƙe buroshin har yaro ya kai shekara 7 ko 8. A zauna kan tabarma, a ɗora kansa a cinya, a ɗaga leɓe da yatsa, a bi gindin haƙora inda suka haɗu da dasashi, a kai har turmin ƙarshe. Minti biyu ne. Maigida da ya dawo daga sallar isha'i ba ya rasa minti biyu, kuma bai kamata a bar wa uwa wannan ita kaɗai ba.

Wani abu da ba zan tsallake ba shi ne ɗora wa haƙori laifin da ba nasa ba. Fitowar haƙori tana kawo dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima. Zazzaɓi mai zafi da zawo kuwa, a garin da ke bakin kogi, ga fadamun shinkafa, ga sauro, gwajin jini suke so a asibiti. Ruwan maganin haƙori da ake saya a kan tebur ba abin wasa ba ne: a 2008 wani mai suna My Pikin ya gurɓata, yara 84 suka mutu a Najeriya. Kafson nan ja da rawaya ma, in aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yana iya rina haƙoran girma tun suna cikin ƙashi, rinin da babu abin da ke wanke shi.

Mafi tsanani cikin cututtukan bakin yara shi ne ciwon da ake kira noma, mai cin kunci da leɓe, wanda ya sa aka buɗe asibiti na musamman dominsa a Sakkwato a 1999. Yana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda ko zazzaɓin sauro suka raunana, kuma daga dasashi yake farawa. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. Don haka, iyaye, ku sa fitila ku duba bakin 'ya'yanku yau da dare. In kun ga baƙi ko rami a haƙori, ku nemi ma'aikacin lafiya tun ciwo bai fara ba. In kuwa dasashi na zubar da jini, baki na wari, kunci ya kumbura, kada ku jira gobe, ku kai shi asibiti a ranar.